Gayyar Baba Namata da Facin Ordinatar

Ina roƙon afuwa tun daga farko. Abin da zan faɗa ya haura shekara goma, ni kuwa mutum ne mai yawan juya abu a zuciya har ya sake kama, don haka ba zan rantse a kan kowace magana ba. Wasu ranakun sun manne da juna. Wasu fuskokin ban tabbata a gona na gan su ba ko a ƙofar masallaci.

Abin da ya tado zancen ƙarami ne. Makon jiya ina zaune a biro, ofishinmu da ke nan Gaya, hadari ya haɗo daga gabas, sai saƙo ya fito a ordinatar, kwamfuta ke nan, cewa an gano wata kafa a cikin sistam, wato abin da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, kuma ga facin da zai toshe ta. Na danna, na ɗauki kofin shayina. Kafin ya huce an gama. Sai ruwa ya sauko, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, wata damina ta can baya ta faɗo mini a rai.

A waccan daminar ban jima da gama jami'a ba. Ina koyon aiki a wani ƙaramin biro na masu shirya wa 'yan kasuwa takardun fiton kaya. Tsofaffin ordinatoci ne da su, kullum cikin ciwo. Ni na lallashi Alhaji mai biron ya bar ni in sa musu wani sistam daga dangin Linuks, irin wanda ba a saye, kuma duk mai iyawa zai buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Na ce masa ba zai yi nadama ba. Wannan alkawari shi ne ya riƙa hana ni sukuni, domin takardun mutane ne ke ciki, masu kaya a hanya tun daga bakin teku har Yamai.

Shekarar ce kuma ta farko bayan rasuwar mahaifinmu Mamman. Gonaki sun koma wuyan yayana Hamidu shi kaɗai, a ƙauyenmu da ke yankin Tunuga, kusa da kogi. Na nemi izini na koma gida don damina. A gidan akwai Inna, da Yaya Hamidu, da matarsa Zali, da yaransu ƙanana. Hatsin bara bai yi auki ba. Tun kafin a gama noman fari aka fara jin ƙasan rumbu.

Ga yadda yini ke tafiya, in ban rikita ba. Da an sallame asuba Inna za ta auno hatsi da ƙaramin ƙoƙo, ba ta yarda wani ya auna. Zali ta daka, ta dama kunu mai ruwa wanda kana iya hango ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Mu sha, mu ɗauki hauya. Da rana kwaɗon tafasa ne ko rama, a barbaɗa ɗan garin rogo daga Malanbil don ya kama ciki. Tuwo sai da almuru, shi ma malmala ta rage girma. Zafin lokacin ba irin na bazara ba ne mai ƙona fata. Wannan jiƙa mutum yake yi. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa fitar da tururi, riga ta manne maka a baya, sauro na jiran magariba.

Begenmu duka yana kan gonar fadama, inda Yaya ya shuka dawa. Ita ce ke cika rumbu. Amma tana da sharaɗi: dole a yi mata maimai, wato noma na biyu, kafin malka, ruwan nan da ke kwana yana wuni. In malka ta riga ka, ruwa zai kwanta a gonar, hauya ba ta shiga, ciyawar harƙiya ta haye kan dawa ta shaƙe ta. Mutum biyu ba za su iya gonar ba. Sai da gayya.

Gayya kuwa a wurinmu bi da bi ce. Kowane gida na tura namiji gonar wani, in ranarka ta zo su ma su zo maka. Yaya ya zaunar da ni ya ce, “Ni zan tsaya kan gonakinmu na tudu. Kai ka riƙa zuwa gayya da sunan gida.”

Na ce, “Yaya, ka san hannuna ya mutu a lakwal.”

Ya yi dariya. “Ba a auna hannu a gayya, Sa'idu. Fuska ake dubawa. A gan ka cikin layi, shi ke nan.”

Na je na farko-farkon. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, samari suka yi ta yi mini tsiya, suna kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci. Na ji daɗin tsiyar, don ta nuna ina cikinsu.

Sai saƙo ya iske ni a salula cewa an gano kafa a sistam ɗin da na sa wa Alhaji. Ba ƙarama ba. Yadda na fahimta, mutum daga nesa zai iya shiga na'urar ya zauna kamar mai gida, ya duba, ya kwashe, ya sauya abin da ya ga dama. Kuma da zarar an bayyana irin wannan kafa, masu gyara da ɓarayi tare suke jin labari. An fitar da faci, amma yana da nauyi, layin intanet na biron kuwa ba ya iya jawo shi, da ƙyar yake aika takarda. Dabarar da ta rage ita ce in sauke facin a tawa ordinatar ta hannu, in gwada, in zuba a kile, ɗan abin nan da ake ɗaukar bayanai a ciki, in kai Gaya.

A ƙauyenmu rezo, wato layin salula, ba ya kamawa sai wuri guda: wani ɗan tudu mai giginya, inda na ƙetaren kogi, na Benin, ke isowa in iska ta yi daidai. Tudun nan yana kan iyakar gonar Baba Namata, aminin mahaifinmu, dattijon da in ya ce a fito gayya ake fitowa. Kuma washegari gayyarsa ce.

Na yi shawara da kaina, na ga kamar mai sauƙi ce. Zan tafi da hauya da ordinatar. In kunna saukewar a gindin giginya, in rufe da buhu, in shiga layi. Haka na yi niyya, Allah shi ne shaida. Amma ina juya baya rezo ya yanke, abin ya tsaya. Na sake kunnawa. Na ɗan jira in ga ya kama hanya. Ya sake yankewa. Na lura in na ɗaga salular sama da hannu yana tafiya, in na ajiye ya mutu. Ga batiri na raguwa, ba kuran, wato lantarki, a ƙauyen. Ga 'ya'yan giginya nunannu suna faɗowa tim, ina tsoron ɗaya ya sauka kan na'urar.

A ƙasa kuwa an ja layi. Mai ganga na kiɗa, bayuna sun duƙa, hauyoyi na tashi tare suna sauka tare. Duk wanda ya kai ƙarshen kuyya, layin da yake nomewa, ya miƙe don shan iska, ni yake fara gani: ɗan gidan Mamman zaune a inuwa, hannu ɗaya a sama, hauya jingine da giginya.

“Sannu da aiki, Mushe!” in ji wani.

“Ina zuwa yanzu,” na ce.

“A'a, kada ka wahal da kanka. Kuyya nawa ka kai a cikin akwatin?”

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, “Ku bar shi, addu'ar ruwa yake yi, ba ku ga hannu sama ba?”

Na ce ina zuwa har ban san sau nawa ba. Rana ta take. Mata suka iso da ƙore a kai, dambu da miya da hura mai kauri, irin wadda ban gani ba tun kafin shuka. Ƙamshin ya hau tudun ya same ni. Na sunkuyar da kai kan allon ordinatar kamar ban ji ba. Sai na ji muryar Baba Namata.

“Ku kira ɗan Mamman ya taho ya ci. Wanda ya wuni bakin gonata baƙona ne.”

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ina ma da faɗa ne. Da na ce na ƙoshi, da wataƙila an manta da ranar. Amma yunwa nake ji, ta gaske. Na sauko, na zauna cikin mutanen da zufa ta yi wa zane a fuska, na sa hannuna mai tsabta a ƙwarya. Wani ma ya turo mini wajen da miya ta fi yawa. Na ci, na sha hura, na koma gindin giginya. Da la'asar aka gama saukewa, daidai lokacin da suke kai kuyyar ƙarshe.

Da abin ya tsaya nan, ina jin da sauƙi. Amma da na gwada facin a tawa na'urar, wadda tsohuwa ce irin ta biron, sai ya toshe kafar ya kuma kashe abin da ke haɗa ta da layi. Da na kai shi Gaya haka, da na tsayar wa Alhaji aiki cak. Sai na koma tudun, na rubuta wa masu kula da sistam ɗin abin da na gani, cikin tsoro, don ban taɓa yi musu magana ba. Wani ya amsa, wanda har yau ban san ko namiji ne ko mace ba, ban kuma san ƙasarsa ba. Ya yi mini godiya, ya ce ba su da tsohuwar na'ura irin tawa da za su gwada, ko zan taimaka? Ya aiko gyara, na gwada, bai yi ba. Ya sake aikowa. A cikin wannan kai da kawo wasu gayyoyin suka wuce ni. Hanyar gonaki kuwa ta gindin tudun ta bi, kowa ya wuce da hauya a kafaɗa sai ya gan ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Mutumin da bai san ni ba yana jiran amsata, yana cewa abin da na gano zai amfani wasu masu tsofaffin na'urori a wurare da yawa. Wannan daɗin da na ji shi ya fi damuna yanzu.

Wata rana da yamma Zali na tankaɗe a tsakar gida, ta dube ni ta ce, “Kai mijina, wai su wa ke ba ka wannan aikin da ba ya ƙarewa?” Haka take kirana, wasan matar wa da ƙanen miji.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa na sa hannu, in wani ya ga ɓaraka ya faɗa, wani ya toshe, wani ya gwada. Na ce, “Kamar gayya ce.”

Ta ajiye rariya. “To madalla. Ka gaya musu tamu gayyar ta matso, su taho da hauyoyinsu. Hura na nan.”

Inna ta ce, “Ke Zali.” Yaya yana gefe yana gyara ƙotar hauya, bai ɗago ba. Can ya ce, “Abin yana da muhimmanci, ko?”

Na ce, “Ina jin yana da shi, Yaya.”

“To ka gama shi.”

Da gyaran ya daidaita na hau kabu-kabu zuwa Gaya, hanya duk caɓi. Na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya na sa musu faci, na kashe na kunna, komai ya tashi lafiya. Alhaji na tsaye a kaina yana jan carbi.

“To, me ya sake?”

“Ba abin da za ka gani, Alhaji.”

“Da ba ka yi ba fa?”

“Wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila kuma wani ya shigo.”

“Kai da wataƙilarka,” in ji shi, ya sa aka kawo mini shayi.

Ranar gayyarmu Inna ta sa aka share rumbu. Ta auna da babban ƙoƙo, ba ta ƙirga ba. Zali da maƙwabta suka yi daka tun ana kiran salla, Yaya ya samo kifi wurin masunta. Muka isa fadama rana ba ta fito ba, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Harƙiya ta riga ta kai rabin dawa. Muka fara, muna waiwayen hanya.

An zo, ba zan ce ba a zo ba. Amma waɗanda suka zo ba su cika faɗin gonar ba, ko kusa. Mai ganga ya buga kaɗan ya ga abin ba armashi, ya ajiye ya karɓi hauya. Da hantsi sai ga Baba Namata, shi kaɗai, ba 'ya'yansa ko ɗaya, alhali gidansa ya fi kowane gida maza. Yaya ya tare shi ya ce, “Haba Baba, kai da kanka?” Ya ce yaran sun tafi gaisuwar rasuwa wajen Yelu, da su da wasu da dama. Ya tsaya kusa da ni, ya tofa yawu a tafi, ya ce, “Mushe, kama wannan kuyyar.” Iyakar abin da ya ce mini ke nan duk yinin. Dattijo mai furfura yana gabana, ina bin sa ina haki.

Da aka kawo abinci ƙoren suka fi mu yawa. Muka ci iyakar cinmu, sauran aka mayar gida a kai. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan nauyi ba, abincin gayya ya dawo gida a shekarar yunwa. Inna ta dubi ƙoren, ta ce a rarraba wa maƙwabta kafin ya lalace. “Allah ya karɓa sadaka,” ta ce, ta shige ɗaki.

Ba mu kai rabin gonar ba. Ni da Yaya muka ci gaba mu biyu, har Zali ta ɗaura ɗankwali ta shigo. Sai malka ta sauka. Sama ta yi baƙi ta ƙi buɗewa, ruwa na zuba a hankali ba tsayawa, itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, katangar bayan gida ta zube. Da aka ɗan sarara muka je fadama. Ruwa ya kwanta har ƙauri. Inda muka nome dawa na tsaye kore shar. Sauran kuwa harƙiya ta haye ta, ganyen ya yi rawaya, kwaɗi na ta kuka a ciki. Yaya ya daɗe yana kallo, ya ce, “Allah ya sa haka ya fi alheri,” muka juyo.

Abin da aka girbe bai kai mu bazara ba. Bayan kaka Yaya ya ƙetare kogi ya yi dakon buhunan albasa a Malanbil. Tun daga ranin nan bayansa bai koma daidai ba, har yau in zai miƙe sai ya dafa gwiwa. Ni na koma biro. Ba wanda ya taɓa shiga na'urorin Alhaji, iyakar sanina. Na kuma san wasu birori da ba su sa facin ba sam, kuma ban ji wani abu ya same su ba. Na taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa an yi wa wani ɓarna a wani gari ta wannan kafar, amma ban tabbatar ba, kuma ina zargin kaina da son labarin ya zama gaskiya.

Yanzu rezo ya kai har cikin ɗakin Inna. Faci na zuwa da kansa, wani lokaci ma ina barci. A ƙauye masu hali na fesa maganin ciyawa, gayya ta ragu, ganga sai a biki. Giginyar na nan. Baba Namata ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ko don ni aka ƙi zuwa gayyarmu ba.

Bayan saƙon makon jiya na kasa zama, na tafi gida ranar Juma'a. Na iske Yaya a zaure yana kaɗa igiya. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, “Yaya, shekarar da fadama ta nutse, don me mutane ba su zo gayyarmu ba?”

Bai ko yi tunani ba. “Rasuwa aka yi a Yelu. Ai ka ji Baba ya faɗa.”

“Ba don ni ba?”

“Kai wa? Kai dai ka cika sa wa kanka abu. Ka ci abinci?”

Da na shiga cikin gida Zali na bakin murhu, ashe ta ji mu. Ba ta kira ni mijina ba. Ta ce, “Sa'idu, rasuwar Yelu gaskiya ce. Amma ni a sanina bayan gayyarmu aka yi ta, don da a lokacin ne, da sauran dambun da ya dawo zan kai gaisuwa, amma sai da na sake daka.” Ta tura itace cikin wuta. “Ko kuma na manta. An daɗe.”

Na tambayi Inna, ta ce ita shekarun sun haɗe mata.

To ga inda nake. Ban san ko aikin da na yi a gindin giginya ya tsare wani abu ba, kuma na haƙura da sanin wannan, don haka aikin yake. Amma ɗayar tambayar tana da amsa, kuma akwai masu ita da rai. Ku da kuka yi layi a gonar Baba Namata a waccan daminar, da ku da kuka zo fadamarmu, musamman ku da ba ku zo ba: in na sa wani a inda bai kasance ba, ko na ɗora wa wani maganar da bai faɗa ba, ku gyara mini. Kuma ku gaya mini ranar da aka yi rasuwar Yelu, kafin gayyarmu ko bayanta. Ba zan riƙe kowa a zuciya ba, ko me amsar ta zama. Ku same ni da kanku in kun shigo Gaya, ko ku aiko wanda kuka yarda da shi. Kada dai ku bi ta wurin Yaya Hamidu, don na san abin da zai ce ku faɗa mini.